Ƙwayoyin antioksidan da gigin tsufa: a saya ko kada a saya?

Uwar Biyu: Salamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Uwar mijina ce, shekarunta sun haura 75, tun bara take ruɗewa. Sai ta ci tuwo ta wanke hannu, an jima kaɗan ta ce tun safe ba wanda ya ba ta ko ruwa. Shekaranjiya ta fita da sassafe wai za ta gidansu a Tibiri, gidan da ta baro tun aurenta, sai wani ɗan kabu-kabu da ya san mu ya dawo da ita daga bakin tasha. Yanzu wata maƙwabciya ta kawo mana ƙwayoyi a kwalba, ta ce antioksidan ne, suna wanke ƙwaƙwalwa. Kwalba ɗaya jikka 25, kuma wai sai an sha wata shida. Maigidan yana son saya, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wa ya san gaskiyar abin?

Malam na Bagalam: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Kafin masana su iso, roƙona ɗaya ne: in ta ce ba ta ci ba, kada a yi mata gardama. A ƙara mata loma biyu a wuce wurin.

Lafiya Jari: Hajiya ki saya kawai, ni ma ina sayar da irinsu. Duk duniya an san antioksidan ne ke kare ƙwaƙwalwa, ki shiga intanet ki gani da idonki. Jikka 25 a kan uwa ai ba kuɗi ba ne.

Mushe: Mai kaya ya iso. Dama wa ya taɓa jin ɗan talla ya kushe hajarsa?

Majo Mai Ritaya: Ɗiyata, aje zancen kwalba tukuna ki amsa mini. Yaushe rabon da a auna mata tansiyo? Ta taɓa faɗuwa, ko bakinta ya karkace ko da na yini guda? Abin a hankali ya zo ko dare ɗaya? Akwai maganin da take sha kullum, na barci ko na sanyin jiki? In kin yi mata magana daga bayanta tana ji?

Uwar Biyu: Baba Majo, an taɓa ce mata tana da tansiyo lokacin da za ta aikin Hajji. Ta sha magani na ɗan lokaci, da ta ji garau ta bari. Mantuwar a hankali ta zo. Amma bayan azumin bara akwai ranar da harshenta ya yi nauyi, cokali ma ya suɓuce mata, zuwa la'asar ta warware, muka ce gajiya ce. Ji kuwa sai an ɗaga murya.

Majo Mai Ritaya: To ranar nan da kuka ce gajiya ce, ita nike tsoro. Hawan jinin da aka bari ba magani shina toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya. Wani toshewar sai ya shanye ɓarin jiki kowa ya gani, wani kuma a ɓoye yake wucewa, sai dai a ga tsoho na raguwa mataki mataki. Ku tahi da ita likita satin nan. A auna jini da sukari, a duba kunnen, a yi mata analiz. Akwai abubuwan da ke kawo ruɗewa kuma suna da magani: ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, har da wasu magungunan barci. Ba a gane su da ido.

Lafiya Jari: Baba duk wannan daidai ne, amma bai hana a haɗa da antioksidan ba. Ai ba guba ba ne, bitamin ne.

Dokta: Salamu alaikum, yanzu na sauko daga aiki na tarar da zancen. Abin da Baba Majo ya faɗa shi ne na farko, kada a jinkirta. Batun antioksidan kuwa, bari in faɗi inda maganar ta samo asali, don ba daga sama ta faɗo ba.

Jikinmu yana ƙona abinci da iskar oksijin don ya samu ƙarfi. A cikin wannan ƙunar ana samun wasu ɓurɓushi masu ɓarna, suna lalata kitse da furotin da ke kusa da su. Kun ga goro in an fasa shi an ajiye, yadda fuskarsa ke rinewa ta yi duhu? Aikin iska ne, kuma irinsa ke faruwa a jiki a hankali. Antioksidan su ne masu tare wannan ɓarnar: bitamin C, bitamin E, da sinadaran da ke ba ganye da ƴaƴan itace launi. Jiki ma yana ƙera nasa. Ita ƙwaƙwalwa nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da muke amfani da shi, ga ta cike da kitse. Kuma in an duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar Alzheimer, wato nau'in gigin tsufa da ya fi yawa, ana ganin sawun wannan ɓarnar. Saboda haka masana suka ce to a ba mutane antioksidan a ƙwaya mana, a ga ko za su tsira.

Lafiya Jari: Yauwa Dokta! Kun ji ko?

Dokta: Tsaya Alhaji, ban gama ba. An gwada, kuma ba gwajin wasa ba. A Amurka an ɗauki maza sama da 7,500, wasu aka ba su bitamin E, wasu sinadarin seleniyom, wasu duka biyun, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta. Aka bi su shekaru. Sakamakon ya fito a 2017: yawan waɗanda suka kamu da gigin tsufa bai bambanta ba. Kafin nan, a 2008, an fitar da sakamakon gwajin ganyen ginko, wanda ake tallarsa da sunan ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, a kan tsofaffi sama da 3,000. Shi ma bai hana komai ba. A 2005 an gwada bitamin E a kan waɗanda mantuwa ta fara taɓawa, bai hana su zarcewa zuwa Alzheimer ba. Shi ya sa a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a ba da ƙwayoyin bitamin B da E da sauran haɗe-haɗen nan da nufin riga-kafin gigin tsufa.

Gwaji ɗaya da nake ambata don adalci shi ne na 2014, a kan tsoffin sojojin Amurka 613 da suka riga suka kamu da Alzheimer. Bitamin E mai yawan gaske ya ɗan rage saurin da suke rasa iya hidimar kansu, kamar wanka da sa tufafi. Bai dawo musu da tunani ba. Kuma adadin da aka ba su ya ninka buƙatar jiki sau gommai, likitoci na sa ido a kansu. Ba abin da za a saya a hannun maƙwabciya ba ne.

Mushe: Wato dai jikka 150 za su tafi a wata shida, Inna na nan yadda take.

Lafiya Jari: Dokta ke ma kin zaɓi waɗanda suka yi miki daɗi ne. Akwai binciken 2022 da ya nuna masu antioksidan da yawa a jininsu ba su cika kamuwa ba. Mutum sama da 7,000 aka bi. Wannan fa?

Dokta: Binciken gaskiya ne, na san shi. An auna jinin mutane 7,283 a Amurka, aka bi su kimanin shekara 16, aka ga masu yawan lutin da ziyazantin a jini, wato launukan da ke cikin koren ganye, da wani da ake samu a lemo da gwanda, sun fi tsira. Amma lura da abu biyu. Ba a ba kowa ƙwaya ba, jininsu kawai aka auna aka zuba ido. Na biyu, su kansu masu binciken sun ce da suka sa ilimi da samun kuɗi da motsa jiki cikin lissafi, alaƙar ta ragu.

Mushe: Wannan ko ni na gane shi. A Maradin nan wa ke cin lemo da gwanda da salak kullum? Mai albashi ne ko ɗan kasuwa, wanda ya yi lakwal, wanda in kansa ya sara zai je a auna shi ya sayi magani a farmasi. In ya tsufa da hankalinsa, wa zai rantse cewa gwandar ce ta yi aikin ba kuɗin ba?

Dokta: Mushe ka gama magana. Shi ya sa ba a yarda da abu sai an raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan a hana waɗancan. Duk lokacin da aka yi haka da ƙwayoyin nan don riga-kafi, sai alkawarin ya watse.

Kuma Alhaji ka ce ba guba ba ne. A Finland an ba maza masu shan taba kusan 29,000 ƙwayoyi a gwaji, sakamakon ya fito a 1994: waɗanda suka sha beta-karotin, sinadarin nan na karas, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A wani babban gwajin Amurka, maza masu shan bitamin E sun fi kamuwa da kansar mafitsara ta maza, wato ta furostet, da kashi 17. Bitamin E mai yawa kuma yana tsinka jini. Tsohuwa mai hawan jinin da ba a daidaita ba, wadda watakila likita zai ɗora ta a kan asfirin, ba zan so a ɗura mata shi ba tare da sanin mai duba ta ba.

Uwar Biyu: Innalillahi. Na tura wa maigidan duk abin da kuka rubuta. Ya ce gobe da safe za mu kai ta. Allah ya saka da alheri Baba Majo, Dokta na gode.

Majo Mai Ritaya: Ku tahi da duk ledar magungunan da ke ɗakinta, har na gargajiya da na ƴan tebur. Kuma wanda ke kwana da ita shi za ya yi ma likita bayani, don ita za ta ce lahiyarta lau.

Na Jiratawa: To ni duk wanga zance daɗi ya yi mini. Kun ce koren ganye ko? Mu nan zogale muke nomawa rani da damina, buhu buhu ake lodi zuwa Yamai. Ashe maganin na gonarmu. Kakata ta kai kusan ɗari tana ƙirga jikokinta da sunansu, kuma kwaɗon zogale ne cimarta.

Dokta: Kawu, Allah ya ƙara albarka a gona, amma kada mu tsere wa kwalba mu faɗa buhu. Abin da aka yi kan zogale da ƙwaƙwalwa akasarinsa a kan ɓeraye ne. Game da ganye gaba ɗaya, akwai binciken da aka yi a Shikago a kan tsofaffi 960, ya fito a 2018. Masu cin koren ganye kusan kullum, ƙwaƙwalwarsu ta yi ta aiki kamar ta waɗanda ke ƙasa da su da shekara 11. Abin sha'awa ne, sai dai shi ma na zuba ido ne. Da aka zo aka yi gwajin ƙuri'a da tsarin abinci mai yawan ganye da ƴaƴan itace da kifi, mutum 604 na shekara uku, sakamakon 2023 bai nuna wani bambancin kirki tsakanin ɓangarorin biyu ba. Wasu na cewa shekara uku ta yi kaɗan ga cutar da ke ɗaukar shekaru ashirin tana ginuwa a ɓoye, kuma maganarsu abin dubawa ce. Ni dai ina cewa a ci zogale da yakuwa da rama da alayyafo da miyar kuka, don amfaninsu ga jini da hanji da zuciya ba a gardama a kai, ga araha. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce wa mutum zogale zai warkar da uwarsa.

Na Jiratawa: Ai ko ɓeraye ne sun shaida. Mun gode Dokta.

Tanti Mai Abinci: Ni tambayata ta madafa ce. Mu da muke zuba kanwa a ganye don ya yi laushi ya riƙe korensa, akwai abin da ya rage a ciki kuwa? Kuma zogalen da ake shanyawa a kan tabarma a tsakar rana har ya koma fari-fari fa?

Dokta: Tanti tambayarki ta fi ta kowa amfani. Kanwa na kashe bitamin C da wani ɓangare na bitamin B, doguwar dahuwa ma haka, musamman in an zubar da ruwan. Rana kuma tana cinye launin ganye, kuma launin nan shi ne abin da muke magana a kai. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, in ya bushe a rufe shi. Su lutin da karotin sai da maiƙo hanji ke ɗaukarsu sosai, don haka kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa dabara ce mai kyau da iyayenmu suka riga mu.

Tanti Mai Abinci: Kanwar dai zan rage, amma ban yi alkawarin bari ba. Kwastoma ba ya son ganye mai tauri.

Ɗan Tasawa: Dokta a taimaka, ni mahaifina makyarkyatar hannu yake yi, an ce Parkinson ce. Wani ya ce in nemo masa ƙwayar CoQ10, ita ma antioksidan ce wai.

Dokta: Allah ya ba Baba lafiya. An gwada ta a kan masu Parkinson 600, aka dakatar da gwajin don ba ta nuna amfani ba, rahoton ya fito a 2014. Bitamin E ma an gwada tun 1993, bai rage gudun cutar ba. Amma Parkinson na da maganin da ke sassauta alamunta sosai, lebodofa, kuma motsa jiki na taimakawa. Kuɗin ya tafi can, kuma a riƙa shan maganin a kan lokaci.

Mushe: Ni abin da ke ɗaure mini kai, da can ba mu cika ganin wannan gigin tsufan ba. Ko abincin zamani ne, dunƙulen miya da lemun kwalba?

Majo Mai Ritaya: Ana gani Mushe, sai dai a ce tsufa ne, ko a ce iska, ko a kulle tsoho a ɗaki. Kuma da mutane nawa ke kai 80?

Dokta: Duka biyun na da ƙamshin gaskiya. Shekaru su ne babban dalili, kuma ƙasarmu Nijar kusan rabin jama'arta ba su kai 15 ba, shi ya sa ba a jin ƙarar abin tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 a duniya ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Amma akwai wani bincike da nake so ƙwarai, wanda aka fara a 1992. An kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. Na Ibadan sun fi ƙarancin kamuwa nesa ba kusa ba, kuma sun fi ƙarancin hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini. Ba wanda ke raba musu kwalabe. To yanzu ku dubi garuruwanmu, tansiyo da sukari sun shiga kowane gida.

Malam na Bagalam: Maganar Majo ta kulle tsoho ta taɓa ni. Na ga inda tsohuwa ta fita da dare ba mayafi tana sambatu, yara suka bi ta da jifa ana cewa mayya ce. Wannan zalunci ne. Allah ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli da Suratul Hajji, cewa akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan sani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga hakan. A yi addu'a, a kai likita, ɗaya ba ta hana ɗaya. Kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kada a takura masa a kan raka'o'in da ya rikita.

Lafiya Jari: To ni yanzu kun mai da ni ɓarawo a zaure. Ina da kwastomomin da suka ce sun ji daɗinsa.

Majo Mai Ritaya: Ba wanda ya kira ka ɓarawo, ɗana. Kai ma haka aka gaya maka ka ɗauka. Amma mai gigin tsufa yau shina da dama-dama, gobe ya rikice. In ranar dama-damar ta faɗo bayan an buɗe kwalba, sai a ce kwalba ce. In ta rikice a ce ba a sha da yawa ba, a ƙaro wata. Ta kowane gefe mai sayarwa ya ci.

Lafiya Jari: To me ke aiki ke nan? Ku faɗa mana tunda kun rushe namu.

Dokta: Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A ciki akwai hawan jini, sukari, kitsen jini, taba, rashin ji da rashin gani da ba a kula ba, buguwar kai, kaɗaici, rashin motsa jiki, da rashin karatu tun yarinta. Buguwar kai ta sa nake kallon ƴan kabu-kabunmu ba hular kwano in ji ba daɗi. Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne gwajin da aka yi a ƙauyukan Sin, ya fito a 2025. Mutum kusan 34,000 masu hawan jini, kuma ba manyan likitoci suka duba su ba, ma'aikatan lafiya na ƙauye ne aka horar suka riƙa auna su suna daidaita musu magani. Cikin shekara huɗu gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi hakan. Da magungunan tansiyo na yau da kullum, irin waɗanda ke farmasinmu.

Tanti Mai Abinci: Zoɓo fa? An ce yana saukar da jini.

Dokta: Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan saukarwa, amma ba ya maye gurbin magani. Kuma irin wanda ake ɗaurawa a leda rabinsa sukari ne. Gishiri ma a duba: abin da aka yarda da shi bai kai giram 5 a rana ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin.

Mushe: Shayi fa Dokta? An ce koren shayi cike yake da antioksidan. Mu ƴan fada a ba mu fatawa.

Dokta: Ganyen na da su. Sukarin da kuke narkawa a buta ɗaya ne ban san inda zan sa shi ba.

Mushe: Shayi ba sukari ai hukunci ne.

Majo Mai Ritaya: Mushe kai da ka haura 50 kana wagga magana, yaushe aka auna ka? Ina da abin awon tansiyo a gida. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ina zaure har la'asar, duk mai so ya zo, kyauta. Kada a sha shayi ko a ci goro rabin awa kafin nan, kuma in mutum ya iso sai ya zauna minti biyar ya huta. Wanda na ga nashi ya hau, likita zan tura shi, ba ni ba da magani.

Na Jiratawa: Baba ni ma in na shigo gari da kaya zan biyo.

Majo Mai Ritaya: Ka biyo. Wanda ya riga zuwa ya taho mini da ƙananan batir guda huɗu, na ciki sun yi sanyi.